Tambaya da Amsa: Mece ce ma'anar "destitute", kuma wa ya kamata a kira da ita?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni huɗu na ware, don dukansu a kan kalma ɗaya suke, wato kalmar Ingilishi da ake rubutawa destitute, sai dai kowa da inda ya ci karo da ita. Masu tambayoyi kan sauran abubuwa ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce a terminal, ajin ƙarshe na sakandare, nan Damagaram, a Garin Malam nake. An ba mu wani rubutu na angile kan ambaliya, a ciki akwai jimlar "The flood left many families destitute". Ni da na ga kalmar sai na tuna destituer ta Faransanci, na rubuta cewa an tsige iyalai daga matsayinsu, mushe, wato malaminmu, ya ja mini jan biro ya ce sam ba haka ba ne, amma lokaci ya ƙure bai yi bayani ba. Don Allah mece ce ma'anarta kuma yaya ake amfani da ita? Bak, jarrabawar gama sakandare, ya kusa.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Mushenki yana da gaskiya, amma ke ma ba sakaci kika yi ba, duk wanda ya yi lakwal da Faransanci in ya ga wannan kalma can hankalinsa zai fara zuwa.

A Ingilishi idan aka ce mutum destitute ne ana nufin ya rasa abubuwan da rai ba ya yi sai da su, ba abinci, ba wurin kwana, ba sutura, kuma ba shi da wata hanya ta samunsu da kansa. Saboda haka jimlarki tana cewa ne ambaliya ta bar iyalai da yawa ba su da komai, ba cin yau ba na gobe. Ki tuna daminar 2024, lokacin da ruwa ya shafi mutane sama da miliyan 1 a faɗin Nijar, har tsohon masallacin unguwar Birni a nan Damagaram ya rushe a farkon Satumba, akwai magidantan da suka kwanta suna da ɗaki da rumbu da awaki, gari ya waye suna tsaye a filin makaranta da kayan jikinsu kawai, to irin waɗannan su ake nufi. Da Faransanci sai ki ce démuni, ko sans ressources, ko ki ce suna dans le dénuement.

Abin da ya sa kalmomin biyu suka yi kama shi ne asalinsu ɗaya, daga Latin suka fito, destituere, wato a ajiye mutum gefe a tafi a bar shi. Faransanci ya riƙe gefen cire mutum daga kujerarsa. Shi ya sa in kin karanta tarihin garin nan da Faransanci za ki ga sun ce destitution a kan abin da ya faru a 1906, lokacin da Faransawa suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Bassa bisa zargin yana shirya musu tawaye, haka kuma da aka tsige Dilma Rousseff shugabar Brazil a 2016 ita ce kalmar da gidajen rediyon Faransanci suka yi ta maimaitawa. Ingilishi kuma ya ɗauke ta tun wajen ƙarshen shekarun 1300 da ma'anar wanda aka yasar, daga baya a shekarun 1500 ta koma kan wanda aka bari ba shi da abin hannu. To in kina son ki ce an tuɓe sarki da Ingilishi deposed za ki ce, in shugaba ne ko minista removed from office, kar ki kuskura ki ce the sultan was destitute, don mai karatu zai ɗauka sarki ya wayi gari ba shi da abincin dare ne.

Wajen furuci, ƙarfin murya a gaɓar farko yake, DES-ti-tyut a bakin mutanen Ingila, ƴan Amurka kuma DES-ti-tut suke cewa. Mu da muka saba da Faransanci mukan danna ƙarshen kalma, ki kiyaye wannan in akwai oral.

Ita sifa ce, ana cewa a destitute widow, ko they became destitute, amma inda ta fi yawan fitowa shi ne tare da left kamar yadda kika gani a rubutunki, yaƙi ko fari ko mutuwar maigida ko gobara ta bar mutane a wannan hali. Sunan halin kansa destitution. In ana maganar jama'arsu gaba ɗaya sai a ce the destitute, ba a ƙara s. Akwai kuma wani tsohon salo na littattafai, destitute of, wanda ke nufin abu ba shi da kaza sam, kamar a ce fili destitute of trees, wato ko bishiya ɗaya babu, wannan ki gane shi in kin gani amma ba sai kin yi amfani da shi ba.

Abin da nake so ya zauna miki shi ne nauyinta. Ma'aikacin da albashinsa ya ƙare ranar 20 ga wata broke ne, zai ci bashi wajen mai shago wata ya mutu ya biya. Manomin da abin da ya noma ba ya kai shi sabon hatsi poor ne. Wanda ke buƙatar a taimaka masa needy ne. Destitute kuwa tana can ƙarshe, ba a faɗinta da wasa, kuma in kika sa ta a inda poor ta isa mai gyaran takarda zai gane ƙamus kawai kika buɗe.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe. Ina yi wa wani porje aikin tafinta a ƙauyukan wajen Mirriya. Takardar da suka kawo da Ingilishi take, an ce mu raba gidaje gida uku, poor, very poor da destitute, kuma na ukun ne za su fara samun taimako. Matsalar ita ce in na tambaya kowa cewa yake shi talaka ne, har mai shanu. Wace kalmar Hausa zan sa wa na ukun da mutane za su gane kuma ba zai zama zagi ba?

AMSA: Ɗan'uwana wannan tambaya taka ta fi ta ƙamus nauyi, don kalmar da ka zaɓa ita za ta sa buhu ya shiga wani gida ya tsallake wani, saboda haka ka bar ni in ɗan tsawaita.

Na farko, mai shanun nan da ya ce maka shi talaka ne ba ƙarya ya yi ba. Talaka a asalin Hausa wanda ba shi da sarauta ne, talakawan sarki ake cewa, kuma a cikinsu akwai attajirai. To muddin talaka ka tambaya kowa zai ɗaga hannu kuma kowa na da hujja. Matalauci ta fi kusa da poor. Matsiyaci kuwa kar ma ka fara, zagi ce, in ka faɗe ta a bainar jama'a ka ɓata aikin ranar gaba ɗaya. Miskini tana da kyau a littafi amma a bakin mutane da yawa ta koma kan musaki, makaho ko gurgu, sai ka ga an kawo maka jerin naƙasassu alhali wani gurgun ma yana da teburinsa a kasuwa yana ciyar da gida biyu. Mabuƙaci ta yi faɗi da yawa. Gajiyayye tana kama tsofaffi ta bar matashiyar da miji ya mutu ya bar ta da yara biyar.

Ni a ganina marar galihu ita ta fi kusa, don ta haɗa abu biyu da kalmar Ingilishin ta ƙunsa, rashin abin hannu da rashin mai tsaya maka. A ƙasar nan mutum ba ya kai wa wannan hali don aljihunsa ya bushe kawai, ai aljihun mafi yawanmu a bushe yake rabin shekara. Yana kai wa ne in ɗan da ke aiko da kuɗi daga Libiya ko Kano ya daina, ɗan'uwan da ke auno masa tiya biyu shi ma rumbunsa ya ƙare, mai shago ya rufe littafin bashi. Amma ko marar galihun ma kar ka tsaya a kan kalma ɗaya, ka yi bayani da jimla, ka ce gidan da ba su da abin ci, ba su da abin sayarwa su ci, kuma ba su da wanda zai ba su. Wallahi in ka faɗi haka a gaban maigari da liman da tsofaffin mata, kafin ka rufe baki za su fara kiran sunayen gidaje, don sun san su sarai.

Malamanmu sun riga kowa yin wannan rarrabewa tun da daɗewa saboda zakka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba wa, ta fara da fakirai da miskinai, malamai suka ce tun da an ambace su daban to ba abu ɗaya ba ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, fakiri shi ne wanda yake da ɗan wani abu amma bai isa abincin shekararsa ba, miskini kuma shi ne wanda ba ya da komai, suna kafa hujja da aya ta 16 a Suratul Balad da ta ambaci miskinin da ya manne da turɓaya. Shafi'iyya sun juya abin, sun ce fakiri ne ya fi shiga wahala, hujjarsu aya ta 79 a Suratul Kahfi inda aka ce jirgin ruwan nan na wasu miskinai ne masu aiki a teku, ga shi suna da jirgi amma an kira su miskinai. To in liman yana wurin, ka ce masa miskini irin na fikihu kake nufi ba na bakin kasuwa ba, zai gane nan take kuma zai taya ka yi wa jama'a bayani.

Su ma masu Ingilishin ba su bar kalmar haka sakaka ba. A dokar Ingila ta 1999 kan shige da fice da masu neman mafaka, sashe na 95 ya ce mutum destitute ne in ba shi da matsugunin da ya dace ko hanyar samunsa, ko kuma yana da matsugunin amma ba ya iya biyan sauran buƙatun rayuwa na dole. Wata gidauniya ta can mai suna Joseph Rowntree ta ƙara fayyacewa, ta ɗauki abu shida, wurin kwana, abinci, ɗumama ɗaki, hasken wuta, tufafi da takalmi, da kayan wanka irin su sabulu da man goge baki, ta ce wanda ya rasa biyu ko fiye a cikin wata guda don ba shi da kuɗinsu ya shiga. A rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 3.8 ne suka shiga wannan hali a Birtaniya a 2022, kusan miliyan 1 daga ciki yara ne. Ina faɗin wannan ne don matasanmu da ke ganin can ba a kwana da yunwa, ana kwana.

Amma ka lura ma'aunin can ba zai yi maka aiki a Mirriya ba. In ka ce rashin lantarki, ai ƙauyen gaba ɗaya ya shiga har da gidan maigari. Haka ma layin Bankin Duniya na matsanancin talauci, wanda ya tashi daga dala 1.90 ta Amurka a rana zuwa 2.15 a 2022, sannan dala 3 a 2025, an yi shi ne don gwada ƙasa da ƙasa, kuma ba da canjin ƴan canji ake lissafa shi ba, da ƙarfin abin da kuɗin ke saye a kowace ƙasa ne, manomi kuwa ba ya ma lissafa rayuwarsa da kuɗin rana, da dami yake lissafawa. Masu bincike na jami'ar Oxford a 2014 sun fito da nasu ma'aunin na destitution, suna duba abubuwa kamar gidan da yara biyu ko fiye suka mutu, ko ba wanda ya yi ko shekara ɗaya a makaranta, ko ba ko rediyo ko salula, kuma a lissafinsu Nijar ce ta zo da kaso mafi yawa, sama da kashi biyu cikin uku na jama'a. Wannan adadi yana da ciwo kuma bai kamata mu kawar da kai ba, amma ba zai gaya maka wane gida za ka fara shiga ba.

Abin da zai gaya maka shi ne tambayoyin da manomi zai gane. Wata nawa hatsin da suka noma ya kai su? Da rumbu ya ƙare me suka sayar, kaji ne, akuya ce, ko har an kai ga jinginar da gona? Maigida yana samun noma tasa gonar da damina ko kullum yana barema a gonar wani don a samu na tuwon dare, tasa kuma ciyawa ta cinye? Sau nawa ake ɗora tukunya a rana tsakanin Yuni da Satumba? An fara jiƙa anza, ƴaƴan itacen dajin nan masu ɗaci? Duk wanda ya ga yunwar da ake kira ƴar Buhari a 1984 ko yunwar 2005 ya san in mata suka fara jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita to abin ya kai inda ya kai. Gidan da ya sayar da akuya yana cikin wahala amma yana iya tashi baɗi. Gidan da ya sayar da gona da garma, ko da damina ta yi kyau ba shi da inda zai shuka, kuma wannan shi ne na ukun da takardarka ke nema.

Sai abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka karanta jerin sunayen nan da ƙarfi a dandali. Mutanenmu suna da abin da suke kira rufin asiri kuma wani ya gwammace ya kwana da yunwa da a kira shi marar galihu a gaban surukansa. Ka bi ta hannun tsofaffin mata, su suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba jiya.

TAMBAYA: Malam ni direba ne, Damagaram zuwa Kano nake yi ta Matamaye da Daura. Wani fasinja ya karanta mini a wayarsa cewa hukuma a Najeriya ta kwashe destitutes daga titi, ya ce wai mabarata da almajirai ake nufi. Haka ne? Kenan kalmar ma'anarta mabaraci?

AMSA: Sannu da hanya Alhaji, Allah ya tsare. Fasinjanka bai yi ƙarya ba game da yadda ake amfani da ita a can. A Ingilishin jaridun Najeriya sun mai da ita suna, har suna ƙara mata s, kuma galibi in sun ce destitutes suna nufin mabarata da masu taɓin hankali da ke yawo da duk mai kwana a titi, a Legas ma akwai wani matsuguni a Ebute Metta da ake kira da wannan suna, kuma ƴan Arewa ne suka fi yawa a ciki. Haka lokacin da gwamnatin Kano ta sanar da hana bara a titi a 2020 kalmar ta yi ta fitowa. Amma asalin ma'anarta ba mabaraci ba ce, mabaraci beggar ne. Bara aiki ne da mutum yake yi, destitution hali ne da mutum yake ciki, suna iya haɗuwa a kan mutum ɗaya suna kuma iya rabuwa.

Ni wannan haɗawa da ake yi tana damuna ƙwarai. Almajiri ɗalibi ne, yana da uba yana da uwa yana da malami, in yaron yana yawo ba takalmi yana kwana a rumfar kasuwa to laifin manya ne da suka tura shi ba guzuri, kuma in aka kira shi destitute kamar an ce ba shi da kowa ne, an sauke wa uban nauyi kenan. Sannan yadda ake haɗa kalmar da kwashewa, kamar ana maganar shara, yana sa mai karatu ya manta mutane ne masu suna da gari.

Mu nan Damagaram ba mu da bakin cewa abin na wasu ne. Hanyar da kake bi kullum ta Kance da Matamaye ita ce ta fi kowace fitar da mata da yara zuwa bara a ƙasashen waje. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, kuma mafi yawansu daga yankin Kance suka fito. A Maris na 2022 gwamnati ta tura jirgi Dakar aka kwaso ɗaruruwan ƴan ƙasarmu da ke bara a titunan can, yawancinsu daga Kance da Magarya. In ka tambayi waɗannan mata za ka tarar da yawa suna da ɗaki suna da miji suna da gona, sai dai gonar an raba ta gado bayan gado har ta zama ba ta ciyar da gida wata uku, ga biki ga suna ga kayan ɗakin ƴa da ake jira. Wasunsu kuma da gaske ba su da komai. In aka sa musu suna ɗaya aka zuba su a mota ɗaya aka sauke su a tasha, babu wadda aka magance wa matsalarta, shi ya sa bayan ƴan watanni ake sake ganinsu a hanya.

Kuma akwai ɗaya gefen da ya fi ba ni tsoro. In muka saba cewa marar galihu shi ne mai miƙa hannu a bakin Kasuwar Dole ko ƙofar masallaci ranar Juma'a, to za mu daina ganin wanda ba ya miƙawa. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi maganar nan ƙarara, ma'anarsa miskini ba shi ne mai zagaya mutane ana sallamarsa da loma ɗaya ko biyu, dabino ɗaya ko biyu ba, miskini shi ne wanda ba shi da abin da zai wadace shi, ba a gane shi ba balle a ba shi sadaka, kuma ba ya tashi ya roƙi mutane. Aya ta 273 a Baƙara ma ta ce wanda bai sani ba yana zaton mawadata ne saboda kamun kai. Irinsu suna nan a Birni da Zango da Kara-Kara, tsohuwar da ƴaƴanta suka tafi cin rani shekara uku ba labari, tsohon ma'aikacin da ciwon suga ya cinye ɗan fanshonsa amma kullum rigarsa a wanke take. Wannan ba yana nufin a kori mai roƙo ba, Suratud Duha ta hana a yi masa tsawa, amma dai kai da kake da ɗan abin bayarwa in ka dawo daga Kano ka fara leƙa gidajen layinku.

TAMBAYA: Yaya, ina cika dosiye na neman burs, wato tallafin karatu, a wata jami'a a waje, sun ce in rubuta wasiƙa da Ingilishi kan halin gidanmu. Babana tela ne, mu tara ne a gida. Abokina ya ce in rubuta I am destitute don su tausaya. In rubuta?

AMSA: A'a ƙanena, kar ka rubuta. Babanka yana da keke yana ɗinki, kuna da rufi a kanku, ana ɗora tukunya, to ba ku kai nan ba, Allah ya ƙara rufa asiri. Masu karanta irin waɗannan wasiƙu sun san nauyin kalmar, in suka ga ka ce haka sannan a layi na gaba ka ce babanka yana da shago za su fara shakkar sauran abin da ka rubuta, har da sakamakonka na gaskiya. Ka ce I come from a low-income family, ko my family cannot afford the fees, sannan ka ba su lissafi, abin da baba yake samu a wata in an haɗa watannin sallah da na rani, mutum nawa yake ciyarwa, ku nawa ke makaranta, nawa ne kuɗin rajista da na jirgi a sefa da kuma a kuɗin ƙasarsu. In sun nemi takardar shaidar rashin hali ka je meri, ofishin magajin gari, ka tambayi yadda ake samunta, ka kai a fassara ta wajen tafinta mai hatimi. Kuma ka ba wani malamin angile ya duba maka wasiƙar kafin ka tura, musamman kalmomin da suka yi kama da na Faransanci.